Abin Da Ya Faɗo Daga Aljihun Ƙanena A Sahun Magariba

A ƙofar gidanmu na gado ne abin ya faru, a Tudun Wadar Ɗankadai, kashegarin babbar sallah. Mun shimfiɗa tabarmi mun tsaya Magariba, manya ba mu fi goma ba, yara kuma a sahun baya suna ture-turen da ba sa rabo da shi. Ɗan baffana, wanda gida ɗaya muka tashi, bai kuma taɓa kirana da wani suna ba sai Yaya, shi ne a damana. Da liman ya yi kabbarar sujada muka duƙa, sai na ji wani abu mai nauyi ya sulale daga aljihun gefen kaftaninsa ya bugi tabarma. Ƙarar ba ta waya ba ce, ba kuma ta makullan babur ba. Na saci kallo, Allah Ya yafe mini, sai ga ƙaramar bindiga ƙirar gida, baƙa wuluk, kwance tsakanin gwiwata da tasa, bakinta yana kallon baya, inda ƙafafun yara suke. Ya miƙa hannu a hankali ya ja ta ƙarƙashin rigarsa. Ba ta tashi ba. Amma ni dai in aka ce in rantse a kan abin da liman ya karanta a raka'a ta biyu, ba zan iya ba.

Bayan an watse na ja shi bayan rumbu. Na zo da faɗa cike da bakina, irin na malamin da ya saba a saurare shi, shi kuwa ya tsaya ya bar ni na zazzage tas. Sannan ya ce, a natse, "Yaya, kai a Kano kake kwana, ƙofar makarantarku da masu gadi. Ni ina ɗauko kuɗin shinkafa daga kasuwa bayan La'asar, a kan babur, ni kaɗai. Maƙwabcina da aka ɗauka bara, sai da aka sayar da gonarsa da shanun huɗarsa kafin ya dawo, ya dawo kuma ba shi da lafiya. Me kake so in riƙe, carbi?" Ban sami amsa ba. Da ya ga na yi shiru sai ya ɗauka na sauko, ya zaro waya ya nuna mini hotunan da ya tara daga intanet: kube iri-iri na ƙananan bindigogi, wani na fata, wani na roba, da bel mai kauri da ake rataya su. Ya ce tun da na zauna a Amurka, in taimaka in zaɓa masa wanda ya fi dacewa, in ya so ya kai wa baduku hoton a ɗinka masa irinsa, don kada abin da ya faru yau ya sake faruwa.

Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne, buƙatar tasa ba ta wauta ba ce. Idan har mutum zai ɗauki bindiga, to wadda take cikin kube ta fi wadda ke yawo a aljihu tare da goro da canji aminci nesa ba kusa ba. Kuma na san amsar tambayarsa, don an taɓa karantar da ni ita ba tare da na nema ba.

A 2017 na yi 'yan watanni ina bincike a Jami'ar Texas da ke birnin Austin. Shekara guda kafin zuwana, ranar 1 ga Agusta 2016, wata doka ta fara aiki a jihar wadda ta halatta wa mai lasisi ya shiga jami'o'in gwamnati da ƙaramar bindiga a ɓoye, har cikin aji. Ranar ta zo daidai da cika shekara 50 da wani mutum ya hau hasumiyar wannan jami'a ya yi ta harbin jama'a a 1966, abin da ya sa malamai da yawa suka ɗauki dokar kamar fami a tsohon gyambo. Jami'ar ba ta da ikon ƙin bin doka, amma ta gindaya sharaɗi: bindigar da ke jikin mutum dole ta kasance cikin kuben da ya rufe kunamarta ruf, ya kuma riƙe ta gam yadda ba za ta faɗo ba ko da an yi karo da mai ita. Wani abokin aiki da muke cin abincin rana tare, dattijo mai sanyin hali da ba za ka taɓa kawo masa makami a rai ba, shi ya shafe kusan sa'a guda yana yi mini bayanin wannan sharaɗi, da na nuna mamakina.

Ya ce sabon shiga yakan kashe kuɗinsa duka a kan bindiga, sannan ya sayi kube mafi araha, alhali kuben ne zai zauna da shi kullum, bindigar kuwa mai yiwuwa har ya mutu bai zare ta don faɗa ba. Ire-iren bindigogin da suka fi yawa a hannun mutane a can, kamar Glock, ba su da wani makulli na waje da ake turawa da yatsa. Abin da ya danna kunama, yatsa ne ko bakin riga ko makulli, ta tashi. Saboda haka aikin kube na farko shi ne ya hana komai isa ga kunama. Shi ya sa da yawansu suka bar fata suka koma wata roba mai tauri da ake kira Kydex, wadda ake gasawa a matsa a jikin bindigar har ta ɗauki siffarta. Fata tana da daɗin jiki, amma in ta sha gumi ta tsufa takan yi laushi, bakinta ya lanƙwashe ya shiga wajen kunama lokacin da ake mayar da bindigar, mutum ya harbi cinyarsa da hannunsa. Kube kuma ba ya tsayuwa shi kaɗai. Bindiga mai cike da harsashi nauyinta ya doshi kilo guda, bel ɗin ado ba ya iya ɗauka. Sai mai faɗin inci ɗaya da rabi, fata ninki biyu ko wadda aka sa wa wani abu mai tauri a tsakiya, don kada ya saki kuben ya riƙa lilo. Bayan wannan akwai inda za a ɗaura a ƙugu, da yadda za a zauna a mota, da akwatin ƙarfe mai makulli da bindigar za ta kwana a ciki in an dawo gida. Kafin duk wannan ma, a lokacin, sai ka kai shekara 21, an ɗauki zanen yatsunka, an bincika ko ka taɓa laifi, ka zauna aji na sa'o'i, ka ci jarrabawar harbi.

Na lura da abu guda a duk tsawon bayaninsa: bai yi maganar harbi ba sai kaɗan. Kusan komai a kan yadda za a hana bindigar tashi ne. Kada mai karatu ya ɗauka yabon Amurka nake yi. Ƙasar da a 2021 kaɗai bindiga ta kashe mutum sama da 48,000, fiye da rabinsu kuma su suka harbe kansu, ba ta da wa'azin da za ta yi wa kowa. Ita kanta Texas a 2021 ta sassauta, ta ce babba zai iya yawo da ƙaramar bindiga a yawancin wurare ba tare da lasisi ba. Amma ko a can, inda tsarin mulki ya ba mutum 'yancin riƙe makami tun 1791, masu hankalin cikinsu sun san bindiga rabin kaya ce. Ɗaya rabin shi ne duk abin da ke tsare ta.

To, ɗauko wannan bayani ka ɗora a jikin ƙanena. Wandonsa na zariya ne, ba shi da madaukan bel. In ka rataya kilo guda a zariya, kafin ka kai bakin titi wandon ya koma gwiwa. In ya sa bel a kan singileti ya rufe da kaftani mai kaiwa ƙauri, to ranar da ya buƙaci abin sai ya yaye riga har ƙirji kafin hannunsa ya kai, wanda ya tare shi kuwa ba zai tsaya jira ba. Sau biyar a rana zai tsuguna ya yi alwala, ya yi ruku'u, ya yi sujada kafaɗa da kafaɗa da mutane. Banɗakinmu na tsuguno ne. A kan babur ɗansa na zaune a gabansa, wani lokaci matarsa a baya. A gida ɗakinsa ba ya rufuwa, 'ya'yansa da na 'yan'uwa fiye da goma suna shiga suna fita, rigar da ya cire ya rataya a ƙusa kowa na iya lalube aljihunta neman naira hamsin ta alewa. Kuma ita bindigar ƙirar maƙeri ce, babu biyu masu kama ɗaya, babu wanda ya auna ƙarfin ƙarfenta, ba ta da kuben da aka yi dominta a ko'ina a duniya. Rayuwar da aka ƙera waɗancan kube da bel dominta rayuwa ce ta mutum mai wandon bature, mai motarsa shi kaɗai, mai ɗakin da ke kulle. Tamu ta cuɗanya ce, jiki da jiki, tun daga asuba har kwanciya.

Wannan duk kafin a zo ga doka, wadda na tarar ƙanena bai san ta ba, kuma na tabbata da yawan masu karanta wannan shafi ba su san ta ba. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959 kuma har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, lamarinta na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar harbin tsuntsu da makamantanta sai da lasisin Sufeto Janar. Ƙaramar bindiga kuwa, fistol ce ko libarba, ta kamfani ce ko ta maƙeri, an jera ta ne a gida ɗaya da igwa da gurneti da bindiga mai sarrafa kanta, wato makaman da aka haramta, waɗanda ba mai ba da izininsu sai shugaban ƙasa. Hukuncin wanda aka kama da ita ɗauri ne da ba ya gaza shekara 10. Wato abin da ƙanena ya saya don kada a raba shi da iyalinsa na wata biyu a daji, shi ne zai iya raba shi da su shekara goma in aka laluba shi a shingen hanya. Mutane kan yi mamakin a ce 'yar ƙaramar bindiga ta fi doguwa laifi. Dalilin kuwa a fili yake: ita ake iya ɓoyewa.

Ba na ganin laifin talaka in ya rikice, domin manya ne suka rikita shi. A Maris 2018 Janar T.Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce jama'a su tashi su kare kansu. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya faɗa wa Katsinawa su nemi makami. A Yuni 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta sanar cewa za ta raba takardun neman lasisin bindiga a masarautun jihar, nan take shugaban hafsoshin tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Kowannensu yana da hujjarsa, kuma ba na shakkar cewa baƙin ciki ne ya sa su faɗa. Amma ban ji wanda ya ci gaba da magana bayan kalmar "makami" ba. Wa zai koyar? Wa zai rubuta sunan mai shi? Ina za ta kwana? Wa zai karɓe ta ranar da mai ita ya yi faɗa da matarsa, ko ya rikice da maƙwabci a kan iyakar gona, ko ɗansa ya fara shaye-shaye? Sun miƙa wa jama'a wuƙa tsirara suka shige motocinsu masu rakiya. An kiyasta cewa bindigogin da ke hannun farar hula a ƙasar nan sun kai miliyan 6, adadin da Janar Abdulsalami Abubakar ya ambata a bainar jama'a a 2021. Da yawan bindiga ke kawo barci, da tuni mun yi minshari.

Kuma ba wai mu baƙin makami ba ne. Kudancin Kano bakin daga ne tun ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan Ningi ke fitowa daga duwatsu suna kai hari ƙasashen Rano da Tudun Wada, mutane na noma da kwari da baka a gefen kunya. Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin dakarun fada. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana shigo da ruwan takubba daga Turai, mafi yawa ƙirar garin Solingen, a nan kuma ake yi musu ƙota da kube a sake fitar da su zuwa wasu ƙasashe. Wannan batu ya daɗe yana burge ni. Ƙarfen na baƙi ne, amma suturarsa tamu ce. Majema su jeme fata da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, dukawa su ɗinka kube, a yi masa hamila ta ratayawa a kafaɗa. Har unguwanni muke da su a birni da sunan waɗannan sana'o'i. Kakanninmu ba su ɗauki takobi a matsayin kammalallen abu ba sai ya shiga gidansa.

Akwai kuma darasin Bebeji, nan kusa da mu. A farkon Fabrairu 1903, rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta iso garin, aka rufe ƙofa aka ƙi buɗewa. Harbin igwa ya farfasa ƙofar, sarkin garin ya rasu a wurin tare da wasu mutanensa, kwanaki kaɗan bayan haka Kano ta faɗi. Jarumta ba ta yi ƙaranci a Bebeji ba. Makamin ne ba sa'an juna ba. Na tuna wa ƙanena wannan. Masu tare hanya a yau ba sa zuwa su kaɗai, kuma abin da suke riƙe da shi AK-47 ne mai cin harsashi 30. Tasa tana cin ɗaya, in ta ga dama ta tashi. A gaban irin waɗannan, amfaninta guda shi ne ta mai da wanda za a sace wanda za a kashe. Inda za ta yi tasiri da gaske shi ne a kan wanda ba shi da komai a hannu: ɗan acaɓan da suka yi cacar baki, ko yaron da ya lalubi aljihu.

Kwana biyu bayan haka na tafi wajen wani tsohon baduku da ke zama a rumfarsa ranar kasuwa, wanda tun ina yaro yake ɗinka wa mahaifinmu. Dalilin zuwana daban ne: wuƙar layyar marigayin, wadda ta dawo hannuna, kubenta ya ruɓe har tsininta na leƙowa. Ƙanena ya biyo ni, da wayarsa da hotunansa. Tsohon ya karɓi wuƙar ya jujjuya ta, ya gane ta, ya yi wa mai ita addu'a. Sannan ƙanena ya matsa ya rage murya ya nuna masa hoto. Ya daɗe yana kallo, ya kawo wayar kusa da ido ya nisanta ta. Ya ce ɗinkin ba wuya, in ya ga abin ya auna, kwana uku ya gama. Sai ya tambaya, "Mai unguwa ya san da ita?" Ƙanena ya ce a'a. "Sarkin baka fa?" Ya ce ai shi ba maharbi ba ne. Tsohon ya miƙa masa wayarsa ya ce, "To ɗana, ka yi haƙuri. Na yi wa maharba burgami, na yi wa 'yan tauri ɗamara, na yi wa mahauta kube ba adadi. Duk wanda na yi wa, gari ya san abin da yake ɗauke da shi, in ya yi ɓarna an san ƙofar da za a buga. Wannan taka so kake in taya ka ɓoye ta." Ya koma kan basillarsa, maganar ta ƙare.

Na yi shekaru ina karantar da ɗalibai, amma ban taɓa raba abu biyu da kyau kamar yadda tsohon nan ya raba su a cikin numfashi ɗaya ba. Maharbi yana tafe da bindigarsa a kafaɗa, kowa na gani tun daga nesa. Yana da sarki a sana'arsa, yana da uban gidan da ya koya masa, akwai wuraren da ba ya shiga da ita a ɗure. Ganin da ake yi masa shi ne linzaminsa. Kuben takobi ma haka yake: yana rufe kaifi, amma ba ya ɓoye cewa akwai takobi. Wanda ƙanena yake so kuwa aikinsa biyu ne, ya rufe kunama, ya kuma rufe idon jama'a. A Texas, lokacin da nake can, hukuma ce ke gani a madadin jama'a, da lasisi da zanen yatsu. A Tudun Wada in ka ɓoye wa jama'a, ka ɓoye wa kowa. Malamanmu ma sun karantar da mu tun muna allo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya kama tsininsu da hannu don kada ya ji wa wani, ya hana miƙa takobi a zare, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Ba a hana riƙe makamin ba. An ɗora wa mai shi nauyin jikin duk wanda ke kusa da shi.

Sai dai kada in yi wa mai karatu rowar ɓangaren da ke ƙaryata ni. A ƙarshen Maris 2025, mafarauta 16 'yan Jihar Kano, da yawansu daga Torankawa ta ƙaramar hukumar Bunkure, maƙwabtanmu na kusa, suna dawowa gida sallah daga Fatakwal, aka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe su aka ƙona. Ba ɓoyayyun fistol aka samu a jikinsu ba. Kayan sana'arsu ne, irin wanda a garinsu ba mai ɗaga kai ya kalla. Wato wannan tsari da nake yabo, na makami a fili da jama'a a matsayin shaida, iyakarsa inda aka san ka. Da ka fita da'irar da aka san ubanka, abin da ke wanke ka a gida shi ke kashe ka a waje. Wannan gurbi hukuma ce kaɗai ke iya cike shi, da takarda da kowa zai yarda da ita daga Doguwa har Uromi, da 'yan sandan da za su iso kafin a kawo fetur. Ba mu da wannan, kuma baduku ba zai ɗinka mana shi ba.

Haka nan ban manta da tambayar da aka yi mini a bayan rumbu ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta ratsa Tudun Wada ta shiga dajin Falgore zuwa Saminaka da Jos ya san yadda hira ke mutuwa a mota da an shiga dajin, ko bayan da sojoji suka kafa sansani a ciki aka sami sauƙi. Tsoron ƙanena ba ƙirƙira ba ne. Amma ni ma ina da nawa tsoron, kuma shi ma ba daga littafi na samo shi ba. Mun ga abin da ya faru a garin nan lokacin zaɓen Fabrairu 2023, da aka ƙona ofishin jam'iyya aka rasa rayuka, tsakanin mutanen da suka san juna, suke sallah a masallaci ɗaya. A ranar babu wanda ya fito daga daji. Ina tunanin yadda ranar za ta kasance da a ce kowane matashi na uku yana da irin abin da ya faɗo a tabarmarmu, a cikin kube mai kyau, a ƙarƙashin riga.

Ban zaɓa masa kube ba. Ban kuma kai ƙararsa ba, wanda a doka wataƙila shi ya kamata in yi; ɗan baffana ne, kuma na san abin da shekara goma za ta yi wa 'ya'yansa. Abin da na iya shi ne na zaunar da shi muka yi lissafin kasuwanci maimakon na yaƙi. Ya daina ɗaukar tsabar kuɗi, masu sayen shinkafarsa su riƙa tura masa ta banki ko ta wajen masu POS, ko da za a cire masa wani abu. Ya daina dawowa shi kaɗai, su riƙa haɗuwa su huɗu ko biyar su taso kafin rana ta yi sanyi. In kuma zuciyarsa ta ƙi kwanciya sai ya riƙe wani abu, to ga 'yan sintirin unguwa nan, waɗanda dagaci ya san sunayensu, 'yan sanda suka san da zamansu. Ya shiga cikinsu ya yi kwanan gadi a fili kamar kowa. Ita kuwa waccan, na ce ya nemi dattijon da zai shige masa gaba a miƙa ta ga hukuma. Ya ce to. Irin "to" ɗin da ƙane ke ce wa wa, wadda ba ta nufin e, ba ta nufin a'a.

Bayan mako biyu aka aiko mini da wuƙar mahaifinmu Kano cikin sabon kube ja, ɗinkin ya matse ta yadda sai ka sa ƙarfi kafin ta fito. Ƙanena ne ya karɓo ya ba direba. Ya kira ya ce kuɗin ɗinkin ya biya, kada in turo. Ya ce ya shiga sintiri, kwanansa Litinin da Alhamis. Na tambaye shi ɗaya maganar, ya ce, "Yaya, an gama da wannan," ya shiga ba ni labarin farashin taki.

Na koma gida sau uku tun daga lokacin. Duk sanda aka tayar da sallah a ƙofar gida yakan zo ya tsaya a damana kamar yadda ya saba, ni kuma kafin in ɗaga hannu in yi kabbara, sai na ga idona ya sauka a kan aljihunsa.